Zaren Kwana Takwas

Ku duka kun tashi kuna jin cewa a shekarar da aka ɗinke mini ido, hakim, wato likita, shi ya tsare ni a Gadarif har ruwa ya rufe hanya. Haka ake faɗa a gidanmu, haka ku ma kuke gaya wa 'ya'yanku. Waɗanda suka san ba haka aka yi ba duk sun riga mu gidan gaskiya, saura ni. Ba na so in bi su da maganar a bakina, shi ya sa na ware mata wannan babi.

Bari in fara da idon kansa, don ƙanananku ba su san ni da shi ba. Tun ina yarinya nake fama da amosanin ido, kamar yawancin yaran ƙauyenmu na bayan Doka. Ya zo ya tafi, ya zo ya tafi, har bayan haihuwata ta huɗu fatar idon ta sama ta lanƙwashe ciki, gashin ya koma yana gogar ƙwayar. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba. Ku ɗauka ƙaiƙayin dawa ne ya faɗa muku ido, duk ƙiftawar da za ku yi sai ya karce ku, tun daga tashi har kwanciya, shekara shida. Ina da hantsaki da na rataya da igiya a wuya a ƙarƙashin tob, mayafin da muke naɗe jiki da shi. Duk Juma'a da hantsi Inna, mahaifiyar babanku, takan zaunar da ni a rakuba, rumfar tsakar gida, in ɗora kaina a cinyarta, ta tsige mini gashin ɗaya bayan ɗaya. In sami kwana uku na sauƙi, sannan ya tsiro gajere mai tsini, ya fi na da ciwo. Kai a sunkuye nake tafiya, mayafi a janye har kan hanci saboda rana. Gaban murhu kuwa hawaye nake yi kamar wadda aka yi wa rasuwa. Ku 'ya'yana, da murya da taku na fi gane ku.

Wani direban lori da ke jigilar dawa daga Simsim ne ya ba babanku labari a kasuwar Doka, cewa akwai hakim a Gadarif da ke juyo da fatar ido waje ya ɗinke, kuma gwaggonsa ta yi ta warke. Da babanku ya kawo maganar gida, Inna ta ajiye faifan da ke hannunta.

"Ido fa, Idi. Ba riga ba ce da za a ce a kai wa tela."

"Inna, kin ga matan da aka bari da shi yadda suka ƙare. Jagora ake yi musu zuwa rijiya."

Amma da za mu tafi ita ta ƙulla mana gyaɗa soyayya da busasshiyar kuɓewa mu kai wa yayata. Mun so mu tafi da wuri, sharar gona ta riƙe babanku, har gajimare ya fara taruwa ta wajen Habasha. Kun san ƙasarmu. Da rani ta tsage har ƙafar jaki ta shige, amma ruwa biyu masu kyau suka sauka, ta zama taɓon da ko tarakta sai ta yi tunani. Mu uku muka hau bayan lori, ni da babanku da maƙwabciyarmu Kaltume, wadda nata idon na hagu ya kama hanyar nawa.

Gidan yayata Zainabu muka sauka, a unguwar mutanenmu da ke bayan kasuwar hatsi, inda mijinta yake aikin awo. Tsakanina da ita tafiyar rabin yini ce, amma shekara tara ban sa ta a ido ba. Kullum akwai abin da ya hana, goyo ko girbi ko ciwon wani. Ta rungume ni a bakin ƙofa tana dariya tana kuka, tana cewa na rame, na tsufa, na fi ta tsufa, ita da ta goya ni. Washegari da safe na miƙe zan nufi murhu kamar yadda na saba, sai ta dafa kafaɗata ta mayar da ni kan angarib, gadon igiya.

"Ina za ki? Nan ba gidan mijinki ba ne. Kwanta."

Na kwanta. Can sai ga ta da shayi da madara, da ligemat, 'yan ƙananan fanke masu zafi da ta tsamo daga mai a lokacin. Na riƙe kofin ina jin ƙarar tsintsiya a tsakar gida, kuma ba ni ke sharar ba. Shekara goma sha bakwai da aurena, ban taɓa shan shayin da ba ni na hura wutarsa ba, in ban da kwanakin jego. Ku riƙe wannan kofin a ranku, don da shi a raina na shiga asibiti.

Hakim ɗin dogo ne, mutumin arewa, mai farin gilashi. Hausarsa kalma ɗaya ce, sannu, kuma yana sa ta ko'ina. Ya juya fatar idona da yatsa, ya duba ta Kaltume, ya ce duka za su gyaru, ƙwayar ba ta riga ta lalace ba. Sannan ya ɗauko 'yan ƙunshi biyu ya ajiye a kan tebur, ya yi mana magana da Larabci a hankali, yadda ake yi wa mutanen ƙauye.

"Aikin ɗaya ne, hannun ma ɗaya ne. Zan tsaga fatar, in juyo da bakinta waje, in ɗinke. Abin da ya rage zaren ne. Wannan, jiki ne ke cinye shi. Gobe a cire auduga ku kama hanya, ba sai kun dawo ba, sai in wani abu ya faru. Amma yakan yi makonni kafin ya narke, wasu yakan sa musu ƙaiƙayi ko ɗan kumburi. Wannan baƙin kuma siliki ne, ba ya narkewa. Kwana takwas ku dawo in cire shi da hannuna, in ga yadda aikin ya zauna. In ya wuce lokacinsa a jiki, shi kansa ya zama ciwo. Don haka wadda ta san ba za ta dawo ba, kada ta ɗauke shi."

Kaltume ko numfashi ba ta ja ba.

"A ba ni mai bin mutum gida. Na bar awaki da maigidan da bai san inda gishiri yake ba."

Babanku ya gyara zama, ya ce, "Hakim, tsakani da Allah, wanne ya fi?"

"Da akwai wanda ya fi, da ban tambaye ku ba. Ku kuka san hanyarku."

Duk wanda ke ɗakin ya san hanyarmu. Komawa gida a dawo bayan kwana takwas a bakin damina magana ce kawai. Baƙin zare na nufin in zauna a Gadarif. Babanku ya leƙa taga ya dubi sama, ya daɗe yana dubanta, sannan ya juyo.

"Idonki ne, Hauwa."

Yanzu ga gaskiyar. Ina da dalili biyu, ɗaya mai kyan faɗa, ɗaya wanda na ɓoye. Mai kyan faɗan shi ne tsoro. A layin jira na zauna kusa da wata mata daga Hawata wadda aka taɓa yi wa aikin a wani wuri, gashin ya sake juyawa, ta dawo. Na so a ce wanda ya yanka ni ya sake duba ni kafin in koma inda babu mai dubawa. Wannan gaskiya ne, ba na janye shi. Amma da shi kaɗai ne, da kallon da babanku ya yi wa sama ya isa ya sa na bi Kaltume. Dalili na biyu shi ne ina son kwana takwas. Ina son in kwanta a ɗakin yayata, wani ya kawo mini ruwa, kada kowa ya kira ni daga bayan gida. Na san shuka na tafe, na san wa zan bar wa tukunya. Duk da haka na ji bakina ya ce baƙin nake so.

Da muka fito jiran a kira mu, babanku ya tsaya a gindin wata darbejiya yana murza hularsa a hannu. Na ɗauka fushi yake yi. Na ce, "Malam, in ka ga in koma in canza, sai in canza."

"Na ce miki idonki ne. Tunanin abin da zan gaya wa Inna nake yi."

"Me za ka gaya mata?"

"Zan ce hakim ya ce sai bayan kwana takwas."

"Malam, ai ƙarya ke nan."

"Bai faɗa ba? Da kunnena na ji ya ce kwana takwas."

Na yi dariya har hawayen ciwo da na dariya suka haɗu. Daga nan labarin da kuka gada ya samo asali, daga bakin mutumin da ke ja wa mutane salla a ƙauyenmu. Da Kaltume ta fito ya roƙe ta ta riƙe bakinta, ta ce an gama.

Aikin kansa bai kai tsoronsa ba. Allurar kashe zafi ce ta fi ciwo. Bayan ita ina jin ana ja ana taɓawa kamar ba a jikina ba, hakim yana ta ce mini sannu, sannu. Aka rufe idanun biyu da auduga, Yaya ta ja ni gida a hannu. Da aka buɗe washegari, fatar ta kumbura sumtum, ga baƙaƙen ƙulli a jere a kanta. Yaya ta dube ni ta ce na yi kama da buhun ridi da aka ɗinke wa baki, amma ta yaba wa hakim, ta ce tazarar ɗinkinsa daidai take. Ita ta san abin da take faɗa, don ɗinkin hula ne sana'arta. Ni kuwa abu ɗaya na lura da shi. Na ƙifta, ban ji komai ba. Na sake ƙiftawa. Na zauna a bakin angarib ina ta ƙifce-ƙifce kamar taɓaɓɓiya. A ranar babanku da Kaltume suka hau lori, ya ce ranar ta tara zai zo ya ɗauke ni, in Allah Ya yarda.

Ran kwana na shida da la'asar ruwa ya sauka. Ba yayyafi ba, ruwa irin na Gadarif da ke zuwa da iska da rugugi. Ya sake sauka washegari. Ranar ta takwas da takalma a hannu muka je asibiti, taɓo har ƙauri. Hakim ya sa ɗan almakashi da hantsaki, ya riƙa yanke ƙulli yana zarewa, kowane ɗaya kamar cizon sauro. Ya juya fatar, ya haska, ya ce babu abin da zai gyara, komai ya zauna. Na tambaye shi, da na ɗauki mai narkewa fa. Ya ce da yanzu kina gida, idonki kuma kamar haka. Ban so wannan amsar ba, amma na rubuta muku ita yadda ya faɗe ta. Da muka fito na yaye mayafin daga fuskata, na ɗaga kai. Iska mai sanyi ta shiga idona kai tsaye, ban runtse ba. Duwatsun da ke bayan gari sun fara kore, ga manyan rumbunan hatsi can sun yi fari fat bayan wankin ruwa. Na tsaya a tsakiyar hanya ina kallo har mai amalanken jaki ya roƙe ni in ba shi wuri.

Ranar ta tara babu lori. Ta goma ma babu. Aka ce ƙoramar da ke tsakaninmu da Doka ta cika ta tumbatsa, motoci sun kafe a hanya. Kwana takwas ɗina suka zama mako biyar.

Da zan ce muku kuka na yi ta yi, da na sake yin ƙarya. Na yi kewarku, musamman da yamma in na ji yaran maƙwabta ana kiran su cin abinci. Amma ban taɓa jin daɗi irin na makonnin nan ba. Kowace hantsi matan unguwa sukan taru a rakubar Yaya, a soya bunni, 'ya'yan gahawa, a daka da citta, a ɗora jabana, ɗan tulun dafa ta, a kan gawayi, kowa da hularta da allurarta. Hira rabi Hausa rabi Larabci, wata tsohuwa tana ba da labarin yadda kakanninta suka taso daga yamma da ƙafa za su Makka, suka tsaya noman shekara ɗaya a nan, shekarar ba ta ƙare ba har yau. Ni aikina kallo. Ina kallon fuskokinsu, ina kallon tururuwa a ƙasa, ina kallon furfurar Yaya ɗaya ɗaya. A mako na biyu Yaya ta miƙo mini allura da zare. Shekara shida 'yata Amina ce ke zura mini zare. Na ɗaga allurar wajen haske, na zura, ya shiga a karo na biyu. Matan suka yi guɗa kamar an kawo amarya. Daga ranar Yaya ta fara koya mini ɗinki, tana warware abin da na yi tana zagina kamar muna yara. Hular farko da na gama a karkace take, mijinta ya sa ta ya tafi kasuwa don kada in ji kunya. Duk hulunan da kuka tashi kuka ga ina ɗinkawa, daga rakubar nan suka fito.

Sau ɗaya saƙo ya iso ta bakin wani mai raƙumi, cewa kowa lafiya, kada in damu. Saƙon babanku ke nan duka.

Da aka sami kwana biyar ba ruwa, wata tarakta mai tirela ta ce za ta gwada hanyar, na hau. Sau uku muna sauka ana turi. Da la'asar na shiga gida, kuma a nan na ga abin da zaɓina ya ci. Gayaunata, inda nake shuka kuɓewa da yakuwa da ɗan ridina, ciyawa ce ta rufe ta, lokaci ya wuce, a shekarar miyarmu daga hannun maƙwabta ta fito. Maryamu, ke kina da shekara uku, kika dube ni kika ruga bayan Inna, don ba ki taɓa ganin idona a buɗe ba. Kwana biyu kina leƙena daga nesa. Kaltume ta leƙo ta kan danga da idonta garau, ta ce nata zaren ya yi mata ƙaiƙayi kamar ta tsige, wani ƙulli ya yi wata guda kafin ya faɗi, amma ga shi ta shuka gonarta har dawa ta kai gwiwa, ina matar birni.

Wanda ya fi nauyi kuwa ke ce, Amina. Shekararki goma sha uku. Babanki yana gona tun safe, Inna ƙafa ta hana ta tsayuwa, ke kika ɗauki niƙa da ɗiban ruwa da toya kisra, wainar dawa mai faɗi, ta mutum bakwai, mako biyar, cikin damina da jiƙaƙƙen itace. Tabon da ke bayan hannunki na dama, wanda kike ce wa jikokinki na ƙuruciya ne, a kan kaskon kisrata kika same shi. Makaranta ma kin rasa ta a makonnin nan, kika sha wuya kafin ki kamo sauran. Da na shigo kin tsaya da muciya a hannu, kin rame, kika dube ni kika ce, "Umma, idonki manya ne ashe." Ba ki taɓa yi mini ƙorafi ba, don an gaya miki hakim ne ya riƙe ni. Ba hakim ba ne, ni ce. Ban san zai kai mako biyar ba, amma na san ke zan bar wa tukunya. Ban ce na yi nadama ba, don ban yi ba, amma hakkinki ne ki san a kan wa kika ƙone, kuma ina neman ki yafe mini.

Bayan kamar mako guda da dawowata, ina tsince dawa a rakuba, kowa ya fita, Inna ta jawo tabarmarta kusa da ni. Tana jan carbi ta ce, ba tare da ta dube ni ba,

"Kaltume ta ce zare biyu ne."

Hannuna ya tsaya a cikin ƙwarya. Ashe riƙon bakin Kaltume bai wuce Doka ba. Na fara haɗa maganar matar Hawata.

"Bar wannan. Zainabu tana kai wa mutum shayi har gado, haka ne?"

"Haka ne, Inna."

"Da madara?"

"Da madara."

Ta gyaɗa kai. Sai ta matso, ta ɗaga fuskarta wajen haske, ta ja fatar idonta na dama da yatsa.

"Tunda yanzu kina gani, duba mini nan."

Na duba. Gashi uku ne a gefe sun juya ciki, ƙwayar ta yi ja. Ta ce tun bara take jin su, ba ta faɗa wa kowa ba, don gida ɗaya ba zai ɗauki masu ciwon ido biyu ba.

"In an gama yankan ridi ki kai ni wajen mai sannu ɗin nan. Kuma baƙin nake so. Idi ba sai ya san dalili ba."

Bayan girbi na kai ta da kaina, babanku ya tsaya gida, ƙanwarsa ta zo ta riƙe tukunya don kada ta sake faɗa wa Amina. Da hakim ya ajiye ƙunshinsa biyu a tebur, Inna ba ta bari ya gama bayani ba, ta ɗora yatsa a kan baƙin. Lokacin rani ne, hanya a bushe, lori na tashi Doka kowace safiya. Ta yi kwana takwas ɗinta, aka cire zare, ta ƙara huɗu.